Shafi Biyar da Alƙali Bai Nemi Ji Ba

Ranar biyu ga Ƙaramar Sallah aka zo aka ɗauki yaran. Ƙanin ubansu ne ya zo a kan babur, ya durƙusa ya gai da Inna, ya ce kakarsu ce take cigiyarsu, su je ta ba su goron Sallah, gobe da la'asar zai dawo da su. Ƙanwata ta yi musu wanka, ta sa wa namijin sabuwar shaddarsa, ta ɗaura wa macen ɗankwali, ta ƙulle maganin yaron na kwana biyu a leda ta cusa masa a aljihu. Shekarar namijin bakwai a lokacin, macen huɗu. Goben nan ba ta zo ba sai bayan wata 11, kuma sai da takardar kotu.

Shekara tara ke nan. Abin da ya sa na tono zancen yanzu, a 'yan watannin nan mutum uku sun tare ni da tambaya iri ɗaya: an raba 'yar'uwarsu da 'ya'yanta, suna so su je kotu, ta ina za su fara? Duk ukun da wuta suka zo, idanu jajur, kowa da jerin laifuffukan tsohon surukinsa a baki. Ina kallonsu ina ganin kaina.

Da la'asar ta wuce ba a dawo da yaran ba, na ɗauki hula zan fita. Inna ta ce in zauna. "Ka je ka ce me? Ɗa ai na uba ne. Mu ne za mu je ƙofar gidan mutane muna rigimar 'ya'ya, a ce ba mu da kara?" Ita kanta a hannun kishiyar uwa ta tashi, ba ta kuma taɓa jin wanda ya ce an zalunci mahaifiyarta ba. Abin da ta sani, in aure ya mutu mace ta riƙe na goye har yaye, daga nan uba ya aiko a ɗauka. Ƙanwata tana ɗaki tana jinmu, ba ta ce uffan ba. Wata huɗu ke nan da sakinta, ta gama idda, tana jin nauyin zaman gida, ba ta so a ce ta ƙara jawo wa Inna magana.

Iyakar abin da Inna ta yarda da shi, a tura Baffa. Ya je bayan mako biyu, aka ce za a kawo su. Ya koma bayan Babbar Sallah, wannan karon da mai unguwa, aka ce yaran sun fara makaranta a can, a bari a yi hutu. Aka yi hutu, aka koma. Muka yi shiru wata bakwai.

Hunturu ne ya tashe mu. Yaron yana da sikila, sanyi kuwa abokin gabar mai sikila ne. A bakin wata maƙwabciyarsu muka ji yana kwance a asibiti kwana huɗu, har an yi masa ƙarin jini, ba wanda ya aiko mana. Daren nan na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, na zaunar da ƙanwata, na ce ta faɗa mini duk abin da mutumin nan ya yi mata tun daga daren tarewa. Marin da ya yi mata tana da ciki. Kayan ɗakinta da ya sayar. Zagin da ya aiko mata ta WhatsApp. Ranar da ya kulle ta a waje. Na cika shafi biyar, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin manyan. Na kwanta ina jin na gama shiri.

Da safe na kai wa wani dattijo abokin marigayi mahaifinmu, tsohon muhuti. Ya fara aiki tun ana kiran kotunan nan kotun yanki, bai bar aiki ba sai bayan da aka mayar da su kotunan shari'a a Kano a shekarar 2000. Ya sa tabarau ya karanta shafi biyar ɗin nan tsaf, bai tsallake layi ba. Ya rufe littafin ya ajiye a gefen buzu.

"Ɗana, wannan ai ƙarar aure ce. Auren kuwa ya riga ya mutu. Me kuke nema a wajen alƙali?"

Na ce, "Baba, mutumin nan azzalumi ne."

"Na ji. Me kuke nema?"

Sai da ya maimaita sau uku kafin na ce yaran. Ya ce to, a shafi biyar ɗin nan bai ga inda aka ambaci abin da yaran suke ci ba, ko inda za su kwana, ko wanda yake kai yaron asibiti. "Ka rubuta littafi guda a kan uba, ba ka rubuta layi ɗaya a kan ɗa ba."

A zaman nan na fara jin kalmar hadana, wato haƙƙin riƙo da renon yaro. Ni da nake ganin na yi karatu, ban san cewa abin da Inna take kira al'ada da abin da ke cikin littattafan da alƙalanmu suke hukunci da su sun yi hannun riga ba. Kotunan shari'a na ƙasar nan a kan mazhabar Malikiyya suke tafiya, da Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim. A mazhabar nan kuwa uwa ce ta fi kowa haƙƙin riƙon ɗanta bayan saki. Namiji har ya balaga, mace har a yi mata aure ta tare. Ba yaye ba, ba shekara bakwai ba. In uwa ta rasu ko wani dalili ya hana ta, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye wajen uba. Kaka ta wajen uwa ce a gaba, sai 'yar'uwar uwa, sannan a gangaro ɓangaren uba, a can ma kakar yaron tana gaban ubansa. Ya ba ni labarin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, na Sayyadina Umar da ya rabu da wata matarsa mutuniyar Madina, ya tarar da ɗansu Asim yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka kai magana gaban Sayyadina Abubakar, ya ce a bar mata yaron, Umar kuma bai ƙara cewa komai ba. Risalar nan ana karanta ta a zaurukan unguwarmu tun kafin a haife ni. Yadda aka yi babin nan bai taɓa shiga cikin gida ya iske mata ba, wannan tambaya ce da ya kamata malamanmu su amsa.

Na fara murmushi, na ɗauka shari'a ta ƙare tun ba a fara ba. Dattijon ya ɗaga hannu.

"Wata nawa kuka yi shiru?"

Na ce bakwai.

"Shiru ma magana ce. Lauyan uban zai tashi ya ce ita ta sallama yaran da kanta. In kuwa mace ta sarayar da riƙo da son ranta, ba ciwo ba wani uzuri, ba ya dawo mata. Wa zai shaida cewa yawon Sallah aka ɗauke su? Wa zai shaida kun nema an hana ku?"

Nan gabana ya faɗi. Kara da muka yi, wadda muke taƙama da ita, ita ce makamin da aka kusa yanka mu da shi. Abin da ya cece mu zuwan Baffa sau biyu, da mai unguwa da ya raka shi. Da Inna ta hana wannan ma, ban san yadda za ta kaya ba. Shi ya sa duk wanda ya zo mini yanzu, kafin ya gama ba ni labari nake tambayarsa ko an aika a nemi yaran, da wa aka aika, ranar yaushe. In ba a aika ba, a aika yau, da mutum biyu masu mutunci waɗanda ba za su ji nauyin tsayawa gaban alƙali ba. Maƙwabcin da zai rantse maka a zaure ya ɓace ranar zama ba shaida ba ne.

Sauran tambayoyinsa duk a kanmu suke, ba a kan uban yaran ba. A wane ɗaki za su kwana? Gidan yana da ƙofa da ake rufewa, ko kowa shiga yake? Ƙanwata tana koyarwa a firamare, to wa zai zauna da macen kafin ta taso? Lafiyarta ƙalau? Domin riƙo yana da sharuɗɗa: hankali, da amana, da iya ɗawainiya, da wurin zama mai tsaro musamman ga 'ya mace, da rashin cuta mai yaɗuwa da za ta cutar da yaro. Duk wanda yake so ya karɓe yaro daga hannun uwa, ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan zai shigo, don haka gara ka zagaya gidanka ka duba su tun kafin a duba maka.

Sannan ya rage murya. "Akwai bazawari?"

Na ce akwai mai zuwa gaisuwa, amma ba a yi magana ba.

Ya ce in gaya mata gaskiya tun yanzu, kada ta ji a bakin lauya. Ranar da ta auri wanda ba muharramin yaran ba ta tare, riƙo ya bar hannunta, kuma a mashhurin mazhaba ko auren ya mutu daga baya ba ya dawowa. Ba a hana ta aure ba. Amma a shirya wadda za ta karɓa. "Innarku tana da ƙarfi? Idonta yana gani? To ita ce jarinku. Ku zo da ita kotu ko sau ɗaya, alƙali ya gan ta da idonsa." Haka kuma maganar ƙaura. In uba zai tashi ya koma wani gari da zama, tafiyar da ta kai baridi shida, wajen mil 72 a lissafin malamai, yana da damar ya tafi da ɗansa in hanya da garin akwai aminci. In uwa ce za ta yi irin wannan ƙaurar, riƙon yana iya kuɓuce mata. Ƙanwata tana da tayin aiki a Kaduna a lokacin. A ranar ta haƙura da shi.

Daga nan shiri ya koma na takardu, aikin da ba daɗi ba armashi. Takardar saki, wadda Allah ya taimaka Inna ta adana a ƙasan adaka cikin kwano. Takardun haihuwa na hukumar ƙidaya. Katin rigakafin macen. Sakamakon jarrabawar yaron na tsohuwar makarantarsa. Rasit na kuɗin makaranta, da sunan wanda ya biya. Muka yi wa kowacce hoto uku, muka riƙe na asali a jaka. Amma wadda ta fi duka nauyi wani ɗan kati ne ruwan ɗorawa da ya sha ninki har ya fara yagewa a tsakiya, katin asibitin masu sikila. Duk zuwa ana rubuta kwanan wata a sa hannu. Shekara biyar layi bai taɓa tsallakewa ba. Daga watan Sallar nan zuwa ranar da aka kwantar da shi, fari fat. Katin yana hannun ƙanwata, ba wanda ya taɓa aikowa a karɓa. Da na nuna wa dattijon, ya juya shi gaba da baya ya ce, "Wannan ya fi shafi biyar ɗinka baki."

Akwai abin da na yi wanda har yau in na tuna sai na ji kunya. Bayan an sallamo yaron, aka bar mu muka je dubiya gidan kakarsa. Na ja shi soro, na ba shi biskit, na ce, "In alƙali ya tambaye ka, ka ce ba a ba ka magani, ka ce matar Abba tana dukanka, ka ce wajen Umma kake so." Ya daina tauna. Ya kalle ni da idanun nan nasa masu ɗorawa-ɗorawa, ya ce, "Kawu, in na faɗa ɗaure Abba za a yi?"

Ban iya ba shi amsa ba. Yaro ɗan shekara bakwai, bai gama warkewa ba, na ɗora masa kayan da ni babba na kasa ɗauka. Kuma ban ma san ko matar tana dukansa ba, zato na yi. Da na gaya wa dattijon, ranar ce kaɗai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce ban da zunubin koya wa yaro ƙarya, aikin banza na yi, domin a Malikiyya ba a ɗora wa yaro zaɓi tsakanin uwa da uba, Shafi'iyya ne suke ba shi zaɓi in ya yi wayo. Kuma alƙalin da ya shekara ashirin a kan kujera yana gane yaron da aka yi wa hadda tun daga jimlar farko. "Ka cuci yaron, ka kusa cutar uwarsa." Ya kuma gargaɗe ni a kan wata dabarar da abokaina suke ta zuga ni, wai in je Islamiyya in ɗauko yaran a mota in ya so a yi shari'ar suna hannunmu. Ya ce mai gaskiya da ya yi haka ya mai da kansa abin tuhuma, daga kotun shari'a sai a tsinci kai a ofishin 'yan sanda.

Saura abu ɗaya, wanda ba takarda da za ta yi mana maganinsa. Ƙanwata ce mai ƙara, ita za ta yi magana, ba ni ba. Yaron kuwa ɗan fari ne, kuma sunan mahaifinmu aka sa masa. Kunya biyu ke nan. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban Inna ba, in yana kuka a tsakar gida sai ta kau da kai wani ya ɗauka. Haka aka koya mata, haka ake yabonta. Yanzu ga shi ana so ta tsaya gaban maza cike da ɗaki ta faɗi sunansa, ta ce ɗanta ne, tana son a ba ta shi.

Daren jajibirin zaman farko na ji su a ɗakin Inna. Inna ce da kanta, wadda ta hana ni fita ranar Sallah, take cewa, "Faɗi mana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗi in ji." Shiru. "Sake." Can na ji muryar ƙanwata ƙasa-ƙasa ta faɗi sunan, sai kuka ya ƙwace mata. Inna ta ce, "Sake, ba kuka alƙali zai rubuta ba." Sun kai sha biyun dare.

Kotun ɗaki ɗaya ce mai benci shida, maza a dama mata a hagu, fanka tana juyawa ba iska. Mun riga mun shigar da ƙara wajen magatakarda, mun biya kuɗi mun karɓi rasit, an kai sammaci. A bakin ƙofa wani mai babbar riga ya ja ni gefe ya ce ya san Malam, in na ba shi wani abu zai shiga ya gyara mana. Dattijon ya riga ya gaya mini zan gamu da irinsu, na ce Allah ya ba da sa'a na wuce. Ba mu ɗauki lauya ba, domin a kotun shari'a mutum yana iya tsaya wa kansa, kuma kuɗin babu. Da na san da Hukumar Tallafin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da na ƙwanƙwasa ƙofarsu ko don shawara. Uban yaran kuwa ya zo da lauya.

Aka kira ƙara. Alƙali ya ce mai ƙara ta faɗi da'awarta. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ina neman a ba ni riƙon 'ya'yana biyu, a kuma yanka musu abin ci da kuɗin makaranta da na magani." Ya ce sunayensu. Ta faɗa, na farin da na biyun, muryarta ba ta yi rawa ba. Duka da'awar ba ta kai minti biyu ba. Littafina yana aljihu, ina jin nauyinsa a cinya.

Alƙali bai shiga shari'a ranar ba. Ya ce a je a nemi sulhu, mako biyu. Na ji haushi a lokacin, na ɗauka jan ƙafa ne. Yanzu na san da sulhun ya yiwu da ya fi mana, domin abin da aka yarda da shi a zaure ya fi saurin cika a kan abin da aka tilasta a kotu, in dai an rubuta an kai alƙali ya tabbatar. Bai yiwu ba. Muka dawo.

Duk abin da dattijon ya hango, shi lauyan ya kawo, kamar tare suka tsara. Ta sallama yaran da kanta. Tana fita aiki. Tana da manemi. A na farko Baffa da mai unguwa suka tsaya, kowa ya faɗi ranar da ya je da amsar da aka ba shi, lauya ya juya su ya juya, ba su canza ba. A na biyu ta ce ana tashi makaranta kafin azahar ta wuce, Inna kuma tana gida, ga ta nan zaune. Alƙali ya ɗago ya dubi Inna, ya tambaye ta ko za ta iya, ta ce ta riƙi tara, biyu ba za su gagare ta ba. A na uku alƙali ya tambaya ko an ɗaura aure. Aka ce a'a. Ya ce to ba a hukunci da abin da bai faru ba. Sai uban yaran ya harzuƙa, ya fara wata magana a kan tarbiyyarta da inda take zuwa da yamma. Alƙali ya katse shi ya ce ya auna bakinsa, in zargin alfasha zai yi ya kawo shaidu huɗu, in babu ya sani ƙazafi bulala 80 ne. Lauyansa ya ja masa riga ya zauna.

A nan na gane amfanin barin littafina a aljihu. Da mun buɗe shafi biyar, da shi ma ya buɗe nasa goma, a wuni ana tonon asiri a gaban 'yan kallo, a manta da yaran. Ba cewa nake a ɓoye cutarwa ba. In uba yana dukan yaro har da rauni, ko yana shaye-shaye a gabansa, ko akwai abin da ake tsoro a kan 'ya mace a gidan, wannan maganar yaro ce, a kawo ta da takardar likita da shaidu, kada a ji kunyar kowa. Abin da ya shiga tsakanin miji da mata kuwa, in akwai haƙƙi a ciki kamar kayan ɗakin da aka sayar, ƙararsa daban.

Aka miƙa katin asibiti. Alƙali ya daɗe yana dubawa, ya miƙa wa uban yaran ya ce ya nuna masa zuwa ɗaya a cikin wata bakwai. Ya karɓa ya duba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban san ana komawa ba in ba ciwon ne ya tashi ba." Ban ji ƙarya a muryarsa ba. Shekara biyar ana kai ɗansa asibiti bai taɓa sanin ranar ba, domin akwai mai yi. Karo na farko ke nan da na ji wani abu mai kama da tausayinsa.

Zama biyar aka yi cikin wata huɗu, biyu daga ciki ɗagewa kawai aka yi. Duk wanda zai shiga wannan hanya ya tanadi kuɗin mota da haƙurin zaman benci, kada kuma ya yi fashin zama ko ɗaya. Kafin hukunci alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana ko hujjar da bai kawo ba. Mutane suna ɗaukar tambayar nan kamar gaisuwa, su ce babu. Ita ce dama ta ƙarshe, kuma kotunan sama suna rushe hukunci in aka tsallake ta. Sannan ya yanke: riƙo na uwa, ciyarwa da tufatarwa da makaranta da magani a kan uba gwargwadon samunsa, yara su je wajensa ƙarshen mako da rabin hutu. Ya ƙara da abin da ban so ji ba a lokacin, cewa riƙo ba ya cire uba daga waliccin 'ya'yansa, da bakinsa a karatunsu, shi ne kuma zai aurar da 'yarsa. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara. Hanyar a buɗe take, daga nan zuwa babbar kotun shari'a, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin irin waɗannan al'amura na iyali, har Kotun Ƙoli. Bai ɗaukaka ba. Wanda aurensa na rajista ne, irin na coci, tasa hanyar daban ce, babbar kotun jiha zai nufa a ƙarƙashin dokar aure ta 1970, can ma maslahar yaro ake sawa a gaba.

Ban da mutum ukun nan, akwai wani da ya zo mini kwanan nan ta ɓangaren uba, don haka bari in faɗi abin da na gaya masa. Kada ka yanke ciyarwa don ka hora uwa, alƙali zai tambaye ka, kuma cikin ɗanka ne yake jin yunwar. Abin da za ka aika ka aika ta banki ko a gaban shaida. In kana ganin uwar ba ta cancanta ba, kai ne za ka kawo hujja, kuma ko ka kawo, kakar yaron da 'yar'uwar uwarsa suna gabanka a layi. In ma layin ya iso kanka, sai an ga macen da za ta kula da yaron a gidanka. Ya tafi bai ji daɗina ba.

Yaran sun dawo ana saura kwana biyu a kama azumi. Macen ta yi kwana uku tana ɓuya a bayan yayanta in uwarta ta miƙo hannu. Kuɗin wata kuwa ya zo sau huɗu a kan lokaci, daga nan sai an bi, sau ɗaya sai da muka koma kotu. Bayan shekara biyu ƙanwata ta yi aure, yaran suka zauna wajen Inna kamar yadda aka tsara tun farko, ba wanda ya ja. Da namijin ya balaga, shi da kansa ya ce zai koma gidan ubansa don ya fi kusa da makarantarsa, muka raka shi da katifarsa. Uban ne yake kai shi asibiti yanzu, ya san ranakun da ka. Da Inna ta kwanta ciwo bara, ya zo dubiya da lemo, muka gaisa a soro, ya kira ni Yaya kamar da.

Watan jiya ina neman wata takarda a akwati na ci karo da littafin. Jan biron bai koɗe ba. Yaron yana zuwa gidana, yana kuma buɗe duk abin da ya gani da rubutu. Na yage shafi biyar ɗin na sa a murhu. Sauran shafukan farare ne, na ba Inna, tana sa jikarta ta rubuta mata lissafin adashi a ciki.